Muhawara: Idan AI ta kwashe aikin yaran gidan jarida, wa zai zama edita gobe?

'Yar Fassara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da zafina na shigo, sai ku yi haƙuri da ni. Shekara shida ke nan ina yi wa wani gidan jarida fassarar labaran ƙetare, ana biyana gwargwadon labaran da na miƙa. Makon jiya edita ya turo mini saƙo cewa daga yanzu manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, ita ce za ta riƙa fassarawa, ni kuma nawa "dubawa kawai", saboda haka ladan kowane labari ya koma kashi ɗaya cikin uku na da. Na ce to, don ba ni da wata madafa.

Shekaranjiya ta fassara labarin wata shari'a. Hausa tas, babu inda za ka yi tuntuɓe. Har na kai hannu zan tura, sai zuciyata ta ce in buɗe asalin labarin. Ashe beli kotu ta ba mutumin, ita kuwa ta rubuta wai kotu ta sallame shi. Tun daga nan na koma bin kowane labari jimla bayan jimla, ido ɗaya a kan asali, ɗaya a kan fassara. Wallahi da ni na fassara da hannuna da tuni na gama. To ina tambayar manya: sana'ar nan tamu tana da gobe kuwa, ko mu fara neman wata tun da sauran ƙarfinmu?

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo mafita, Anti. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, bari mu tashi neman ruwa.

Ɗan Kwamfuta:
Anti, abin da aka yi miki bai yi daɗi ba, amma kada mu ruɗe. Inji ya daɗe da shiga ɗakin labarai, ba da ChatGPT ya fara ba, wanda sai a Nuwambar 2022 ya fito. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya fara amfani da manhaja wajen rubuta rahoton ribar kamfanoni. A da suna iya fitar da kusan 300 a duk wata uku, da manhaja suka haura 3,000, kuma AP ta ce ba ta sallami kowa ba saboda haka. A shekarar ce kuma jaridar Los Angeles Times ta wallafa labarin girgizar ƙasa cikin kamar minti uku da aukuwarta, manhaja ce ta rubuta. Washington Post ma ta yi amfani da irinta a gasar Olamfik ta 2016. Shekara goma da ɗoriya ke nan, har yau akwai 'yan jarida a duk waɗannan wurare. Wanda ya iya aiki da ita zai ci gaba, wanda ya ƙi shi ne za a bari a baya.

Tsohon Edita:
Ɗana Ɗan Kwamfuta, wannan jimlar taka ta ƙarshe na ji ta a bakin mutum ya fi hamsin, kuma duk waɗanda suka faɗa mini ita babu wanda aka taɓa wa albashi. 'Yar Fassara ta iya aiki da ita. Ita ce ma ta kama kuskurenta. Me ta samu? Kashi ɗaya cikin uku.

Misalan da ka kawo gaskiya ne, sai dai ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Manhajar 2014 gurbi take cikewa: sunan kamfani nan, riba nan, ta bara nan. Ba ta san komai ba bayan alƙaluman da aka ba ta. Ta yanzu kuwa jimla take ƙagowa, ta yi fassara, ta taƙaita, ta sauya murya zuwa rubutu, ta ba ka kanun labari goma ka zaɓa. Ku duba wannan jerin da kyau. Wannan shi ne aikin da ake ba yaro a shekarunsa biyu na farko.

Ni da rikoda na fara. A ba ka kaset na hirar minti arba'in, ka zauna kana dannawa, kana mayarwa baya, kana rubutawa, har yatsa ya yi kanta. A lokacin muna ganin bauta ce. Daga baya na gane makaranta ce. A nan na koyi jin inda babban mutum ya zame wa tambaya, inda muryarsa ta sauya, inda ogana ya yi shiru da gangan har mutumin ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini yin hira. Kaset ɗari na saurara.

Ba na musun cewa jarida za ta rayu. A 1986 Rupert Murdoch, mai jaridar The Times da wasu jaridu, ya kwashe jaridunsa zuwa Wapping a Landan, inda aka koma tsara shafi da kwamfuta, aka sallami ma'aikatan ɗab'i sama da 5,000. Sun yi shekara guda suna yajin aiki, ba su ci nasara ba. The Times tana fitowa har gobe. Amma a wancan karon hannu aka maye. Yanzu matakalar farko ta tsani ake cirewa, kuma ana cewa kada a damu, ai akwai edita a sama da zai duba. To shi editan daga ina zai fito nan da shekara goma sha biyar?

Ɗan Koyo:
Baba, kamar ka leƙo inda nake. Wata huɗu ke nan da na fara neman sanin makamar aiki a wani gidan rediyo. Ko hira ɗaya ban taɓa rubutawa da hannu ba. Ana dawowa da murya sai a loda wa manhaja, kafin ka gyara zama ta fito da rubutu, a ce ta taƙaita, a ba mai karanta labarai. Ni aikina in cire maimaici in gyara sunaye. Gaskiya abin yana da sauƙi, amma ranar da aka tura ni ɗauko rahoto ni kaɗai, na dawo da naɗi na minti ashirin ban san wane yanki ne labarin ba. Manhajar na tambaya.

Tsohon Edita:
Me ta ce maka?

Ɗan Koyo:
Ta zaɓi jawabin buɗe taro. Mai gabatar da shirinmu da ta saurara sai ta ce labarin yana minti na goma sha bakwai, inda wata mata ta tashi daga cikin jama'a ta yi tambaya aka ƙi ba ta amsa.

Malamar Jarida:
Ɗan Koyo, ka riƙe wannan ranar, ta fi maka darasin zango guda a ajina.

Ina so in tsaya kan kalmar nan "dubawa kawai", don a nan zaluncin yake. Irin wannan manhaja ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubuce ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa kuskurenta yake zuwa da kwalliya. Ɗalibina idan bai fahimci abu ba, jimlarsa takan karkace, in gani tun daga nesa. Ita kuwa da murya ɗaya take faɗin daidai da shaci-faɗi. Mai duba aikinta dole ya fi wanda zai rubuta daga farko sanin batun, kuma ya fi shi natsuwa.

An gani a manyan gidaje. A farkon 2023 aka gano shafin CNET ya wallafa maƙaloli 77 da AI ta rubuta kan harkar kuɗi, daga baya suka yi gyara a 41. Ɗaya daga ciki cewa ta yi wanda ya ajiye dala 10,000 a kan ruwan kashi 3 cikin ɗari zai samu ribar dala 10,300 a shekara, alhali 300 ce. Kuma an ce editoci sun duba. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da take ba mutane shawarar karantawa, 10 daga ciki babu su a duniya, amma sunayen marubutan na gaske ne. Wanda ya haɗa jerin ya amsa cewa AI ya tambaya bai bincika ba. Kamfanin Apple ma a Janairun 2025 sai da ya dakatar da taƙaita labarai da AI a wayoyinsa, bayan BBC ta yi ƙorafi cewa ana liƙa tambarinta a kan abin da ba ta faɗa ba.

Ɗan Kwamfuta:
Malama, na yarda, amma mutum ma yana kuskure. Shafin gyara a jarida ai ba don inji aka ƙirƙiro shi ba. Kuma abin kullum ƙara kyau yake. Wanda ya gwada Google Translate lokacin da aka sa Hausa a ƙarshen 2013, ya gwada yau, ya san an yi nisa.

Malamar Jarida:
Mutum yana kuskure, amma kana iya kiransa ofis ka ce wa ya faɗa maka, ya ba ka suna da lamba. Kuma ƙara kyan da kake faɗa shi ne yake ba ni tsoro. Manhajar da take kuskure sau ɗaya cikin biyar, kowa zai bi ta da ido. Wadda take yi sau ɗaya cikin ɗari, mai dubawa barci zai yi.

Sarkin Musu:
Ku bari in faɗi wadda ba a so. Da yawanmu da muke kuka, me muke yi da ma? A turo sanarwar manema labarai, mu sauya sakin layi na farko, mu sa sunanmu a sama. Wani gidan ya buga labari, gidaje ashirin su kwafa har da kuskuren rubutunsa. Idan wannan ne aikin, to inji ya fi mu sauri kuma ba ya neman kuɗin mota. Mu muka fara zama inji kafin inji ya zo. Ni ban ga abin makoki ba don an karɓe kwafe-kwafe.

Mai Kyamara:
Kai Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi.

Tsohon Edita:
Ban ƙi taka ba, Sarkin Musu, rabinta gaskiya ce, kuma laifinmu ne mu editoci da muka riƙa neman labari goma a rana daga yaro ɗaya. Amma ka tuna wa ke biyan kuɗin babban bincike. Waɗannan ƙananan labaran da kake rainawa su suke kawo jama'a kullum, jama'a su kawo talla, talla ta biya wakilin da zai yi wata uku yana bin diddigin abu ɗaya. In ka sare ƙananan, babban ma ya bushe.

Na Sashen Talla:
Yauwa, Baba ya kawo mu inda nake jira. Ku kuna ta muhawara kan ko AI ta iya rubutu. Ni da nake kallon alƙaluman masu shiga shafi kowace safiya, ba wannan ke hana ni barci ba. Ko da babu gidan jarida ɗaya da ya yi amfani da ita, za ta iya rufe shi daga waje.

Ga yadda abin yake. A da mutum zai yi tambaya a Google, a jero masa shafuka, ya danna namu, ya ga talla, mu samu ɗan abin da muka samu. Tun Mayun 2024 Google ya fara sa amsar AI a saman shafi a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa sauran ƙasashe. Amsar daga rubutunmu aka tato ta, amma mai tambaya ya ƙoshi tun a can. Cibiyar bincike ta Pew ta duba wannan a 2025: idan akwai taƙaitawar AI, kashi 8 cikin ɗari ne na ziyara ake danna wani shafi, idan babu kuma kashi 15. Kusan rabi ke nan ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manya sun san abin da suke yi. AP ta ƙulla yarjejeniya da OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, a 2023 kan amfani da labaranta, kamfanin jaridu na Axel Springer na Jamus ya bi, Financial Times da News Corp suka yi tasu a 2024. New York Times ita kotu ta nufa, ta maka OpenAI da Microsoft ƙara a Disambar 2023. Ko sayarwa ko shari'a, duk sai mai ƙarfi. Ƙaramin gida mai ma'aikata takwas wa zai kira shi teburin ciniki? Editan Anti 'Yar Fassara ban san shi ba, amma zan iya rantsuwa shi ma wani ne ya kira shi ya ce ya rage kashe kuɗi.

'Yar Fassara:
Allah Sarki. Wato ni ce inda katangar ta fi gajarta.

Uwar Bidiyo:
Sannunku. Ni ba 'yar jarida ba ce, bidiyon koyarwa nake ɗorawa a YouTube da TikTok, kuma zan faɗi gaskiyata ko da za a ji haushi: AI ta taimake ni. A da mutum uku nake biya, mai yanka bidiyo, mai zana hoton bango, da mai sa rubutu a ƙasan allo. Yanzu mai yankan ne kawai ya rage. Na san abin da hakan ke nufi ga sauran biyun, ɗaya ma har yanzu ina jin nauyin haɗuwa da shi.

Amma ni ma ba a bar ni ba. Bidiyon da na yi kwana huɗu ina haɗawa, cikin mako sai in ga tashoshi sun fito da irinsa, muryar inji, hotunan inji, babu fuska, kullum suna ɗora biyar ko goma. Ba su fi ni kyau ba, sun fi ni yawa ne, kuma manhajar da ke zaɓa wa mutane abin kallo yawa take so. YouTube ya sa doka tun Maris na 2024 cewa wanda ya haɗa abin da ya yi kama da gaske da AI ya bayyana, amma wannan bai hana ambaliya ba. Abin da na lura shi ne masu kallona na dindindin fuskata da muryata suke bi, har in na yi tuntuɓen harshe suna so. Sai na daina goge kurakuran ma.

Mai Kyamara:
Hajiya, mu namu ya fi muni. Hoton ado na maƙala, irin wanda ake saye a da, yanzu edita rubuta wa manhaja yake ta zana. Abin da ya rage mana shi ne wurin da dole sai mutum ya je da ƙafarsa. Kuma can ma an ɓata mana ruwa. Ku tuna hoton ƙarya na fashewa kusa da Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, a Mayun 2023, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza. Yanzu ka sha rana ka ɗauko hoto na gaske, na farko a sharhi zai ce AI ce.

Ɗan Kwamfuta:
To amma a ba ta haƙƙinta. Takardun Panama na 2016, na sirrin ɓoye dukiya a ƙetare da aka fallasa, guda miliyan 11.5 ne. Da babu manhajojin karanta takardu da tace su, ɗaruruwan 'yan jaridar da suka yi aikin da har yanzu suna karatu. Da kayan aikin yau, ƙaramin gida ma zai iya tunkarar tulin takardun kasafi ko na kotu da a da ba zai taɓa ba.

Tsohon Edita:
Wannan kam na ba ka, kuma irin amfanin da nake so ke nan. Sai dai ka ƙarasa labarin. Takardun ba inji ya tono su ba. Wani mutum ne da har yau ba a san sunansa ba ya tuntuɓi ɗan jaridar Süddeutsche Zeitung a Jamus, ya sa ransa a hannunsa. Majiya mutum take nema, wanda ta ji a ranta zai iya shiga kurkuku bai faɗi sunanta ba.

Masu sauraro ma ba wawaye ba ne. A Oktoban 2024 wani gidan rediyo a birnin Krakow na Poland ya sa masu gabatarwa na AI a madadin mutane, har suka yi "hira" da wata marubuciyar waƙoƙi mai kyautar Nobel da ta rasu tun 2012. Jama'a suka yi ca, cikin kamar mako guda aka janye.

Sarkin Musu:
Baba, wancan don sun yi gatse ne da mamaciya. Da labarin yanayi da sakamakon ƙwallo suka ba ta, babu wanda zai ɗaga kai. Rage ma'aikata a hankali ake yi, wanda ya tafi ba a maye gurbinsa, shi ke nan. Microsoft tun 2020 ta sallami gomman masu tace labarai na shafinta na MSN ta sa manhaja, wa ya yi zanga-zanga?

Malamar Jarida:
Shi ya sa maganar ba ta mutum ɗaya da editansa ba ce. Marubutan fina-finai na Hollywood sun yi yajin aikin kwana 148 a 2023, kuma AI tana cikin abin da suka tsaya a kai. Ba su ce a haramta ta ba. Abin da suka samu a rubuce shi ne ba za a ɗauki AI a matsayin marubuciya ba, ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, kuma idan kamfani ya miƙa masa abin da inji ya rubuta dole ya faɗa masa, ba kuma za a fake da shi a rage masa matsayi ba. Ƙanwata 'Yar Fassara, wannan na ƙarshen ai ke ce. Bambancin kawai su dubbai ne da ƙungiya, ke kuma ke kaɗai ce da wayarki.

Ga abin da zan ce ki yi kafin nan. Mako guda, kowane labari ki rubuta lokacin da kika fara da lokacin da kika gama, ki ajiye hoton duk kuskuren da kika kama, musamman irin na beli da sallama, wanda zai iya kai gidan kotu. Sai ki nemi a biya ki da awa, ba da labari ba.

Na Sashen Talla:
Ki sa na kotun a sama. Mai gida bai cika jin maganar inganci ba, amma yana jin maganar lauya.

'Yar Fassara:
Na gode ƙwarai, Malama. Da ma tun shekaranjiya na fara rubutawa don haushi. Labari goma sha ɗaya, bakwai sai da na taɓa ma'ana, ba kalma kawai ba. A ɗaya ta mayar da mace namiji tun daga sakin layi na biyu har ƙarshe. Akwai wasu mutum biyu da muke wannan aikin tare, zan kira su yau mu haɗa namu wuri ɗaya kafin mu tura.

Ɗan Koyo:
Baba Edita, naɗin nan na minti ashirin yana nan a wayata. In na zauna na rubuta shi da hannu daga farko har ƙarshe, za ka duba mini?

Tsohon Edita:
Turo. Kada ka gyara wa kowa magana, inda mutum ya yi shiru ka rubuta ya yi shiru, ka sa daƙiƙa nawa. Kuma ka nemo mini sunan matar nan ta minti na goma sha bakwai.

Ɗan Koyo:
Ban tambaye ta ba, Baba.

Tsohon Edita:
To gobe ka koma.